Hancin Ɗan Gwaggona

Bari in rage wa mai karatu wahala tun daga farko. In ana neman wawa a labarin nan, kada a yi nisa, ni ne. Na faɗa da bakina don kada wani ya kai ƙarshe ya riƙa murna wai shi ya gano.

Ɗan gwaggona ya rasu. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa can ta fi masa nan. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka yayana ne a shekaru, taubashina ne a wasa. A garinmu ɗan namiji yakan ce ɗan mace bawansa ne, ni kuwa ban taɓa yafe wannan haƙƙi ba. Bawa nake kiransa tun ina da wando ɗaya. Shi kuma in ya so ya ce mini Ubangida, in ya so ya ce Malam Boko, saboda na leƙa elementare na fito kafin ta gama da ni.

Mun kai shi da hantsi, muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa a Panshekara. Ban san tsofaffin majema sun rage da yawa haka a duniya ba. Suka yi ta zuwa, daga Challawa, daga Sharada, wani har daga Damagaram ya taso. Daga hannu kake gane su in sun miƙo a gaisa, farar ƙasa ta cinye tafin ta bar shi kamar busasshen taɓo. Kowa ya zauna, a shafa fatiha, sai ya ajiye tasa shaidar.

Wani tsoho mai ido ɗaya ya ce, "Shekara da shekaru muna bakin ramin nan tare, ban taɓa ganin ya yamutsa fuska ba."

Liman ya ce, "Ni shaida ne, wannan bawan Allah ba ya ɗagowa daga sujada sai da hawaye."

Na Damagaram ya ce, "In ka kai mishi rigima, sai ya dafe goshi, ya runtse ido, ya yi shiru. Kafin ya buɗe baki kai da kanka ka huce."

Ina ta amsawa da amin. Na yi kuka kuwa, kada wani ya ce ban yi ba, a maƙabarta sai da aka riƙe ni. Amma zan faɗi abin da ba a faɗa a zaman makoki. Duk yabon da aka ajiye a tabarmar nan, sai in ji ya sosa mini rai. Mutum yana ƙarƙashin ƙasa, ni ina samanta ina ƙyashinsa.

Dalili kuwa, ina da wani sani da na riƙe tun muna da ƙarfinmu, shi ne sandar da nake dogarawa. Haƙurin da ake ta faɗa, da hawayen, da dafe goshin, na san inda suka fito. Daga hanci suka fito. Kuma ni ban nemi da yawa a duniya ba. Mutum ɗaya tak nake so ya dube ni ya ce, "Malam Boko, gaskiyarka. Da kai ma hancinka ya toshe, da ka yi abin da ya yi."

Shi ya riga ni zuwa Kano. A shekarun alif ɗari tara da saba'in da 'yan kai, lokacin da damina ta yi ta gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, ya tattara ya zo ya sami aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Ya yi aure, ya kama ɗaki. Da ya zauna da gindinsa sai ya aika mini. Na zo da biro a aljihun gaba. Na riga na gama tsara wa kaina komai: kujera, tebur, fanka, mutane a bakin ƙofa ana ce musu akawu ya ce a jira. Na sauka a ɗakin gwauraye can bayan tasha. Washegari aka kai ni gaban heluma, wato shugaban leburori, ya dubi biron, ya dubi damtsena, ya ce a ba ni takalmin roba.

Ramin jiƙo aka kai ni. Ga wanda bai sani ba, nan ake zuba ɗanyun fatu yadda suka zo daga mahauta da kasuwannin ƙauye, da gishirinsu da kitsensu da tsutsarsu, a jiƙa su, a zuba farar ƙasa da wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai don gashi ya saki. Aikinka ka tsaya a baki da doguwar ƙugiya kana juyawa kana jawowa. Na sha jin mutane suna toshe hanci a bakin kwata suna cewa wari. Ba su san wari ba. Na ramin nan yana da nauyi, yana shiga tufa, ya shiga gashi, ya bi ka har masallaci. In mun shiga kiya-kiya da yamma, fasinjoji sukan bar mana kujera guda har da ta gabanta, kwandasta ya karɓi kuɗi da yatsu biyu.

Ranar farko na yi amai. Washegari na yi amai na ƙara da kuka. Kafin mako ya zagayo na ɗaure kayana, na ce gara in koma gida in ci tafasa. Na kuma tabbatar kowa ya ji, don ni ban iya shan wahala a ɓoye ba.

Shi a lokacin yana sashen busassu, inda ake shanya fatar da ta gama jimuwa, a goge ta, a jera. Ga inuwa, ga iska, hannunka ba ya taɓa ruwa. Wuri ne da mutane ke kamun ƙafa su samu. Ya same ni zaune a kan ƙunshin kayana, ya ce, "Ubangida, ina zuwa?"

Na ce, "Gida. Ni ba a haife ni don wannan ba."

Ya ce, "To wa aka haifa dominsa?"

Ya ja hannuna har gaban heluma, ya ce a musanya mu. Heluma ya dube shi kamar mai taɓin hankali. Sai Bawa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni tun da na zo birni hancina ya mutu. Turare da juji duk ɗaya ne a wurina. A ba yaron nan wurina."

Aka musanya. Na gode masa, amma godiya daidai kima, irin wadda ake yi wa wanda ya ba ka rigar da ta yi masa kaɗan. Mutumin da ba ya jin wari ya karɓi aikin wari, me ya rasa? Haka na lissafa, lissafin kuma ya yi mini daɗi.

A watannin nan ne ya fara abin da ya soma ba ni haushi. In an busa jiniyar rana muka fita gindin darbejiya wurin mai shinkafa da wake, sai ya zauna gefe ya ce ya ƙoshi. Yau ya ƙoshi, gobe ya ƙoshi. Ya rame, wuya ya fito. Mutane suka fara raɗa cewa azumi yake yi, ba ya son a sani. Shi bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na ce a raina, to, an fara.

Ya kuma tsiri yawo da kanumfari a aljihu. Duk sabon leburan da aka kawo rami, sai ya ja shi gefe ya sa masa ƙwaya biyu a tafi, ya ce, "Sa a baki ka riƙa tsotsa. Ka ba iska baya. Kada ka cika ciki da safe." Ni daga inuwata ina dariya. Mutumin da bai taɓa jin warin ba, shi ne ya buɗe makarantar yadda ake jure shi.

Da shekaru suka tafi, hancin ya nuna kansa a fili. Muryarsa ta koma kamar ta mai magana cikin tulu. Baki kullum a buɗe, don ta nan yake numfashi. Majina ba ta fita, ba ta kuma ƙarewa. Sannan nauyin fuska ya zo. Haka yake kiransa. "Yau fuskar da nauyi." In ka matsa masa ya kwatanta, sai ya ce kamar an ɗora masa dutsen niƙa a kumatu, wani kuma yana tura babban yatsa tsakanin idanunsa daga ciki. In ya sunkuya, duk nauyin ya gangaro gaba har idanu su kawo ruwa. Aikin rami kuwa sunkuyo ne daga safe har yamma.

To ga asirin sujada. Goshi ya taɓa ƙasa, dutsen ya faɗo masa a fuska, ya ɗago da hawaye shaɓe-shaɓe. Ni ina gefensa, na fi shi gyara ƙira'a, na san wurin ja na san wurin tsayawa, idona ƙamas. Wa ake turawa sahun gaba? Shi. In limamin kamfani bai zo ba, wa ake cewa ya ja mu? Shi, da muryar tulun nan, ni ina baya ina gyara masa a zuci.

Ga kuma asirin dafe goshi. In an kawo masa ƙara, wane ya ɗauki ƙugiyar wane, wane ya zagi uwar wane, ciwo ne ke sa ya matse karan hanci da yatsu biyu ya rufe ido. Masu faɗa su tsaya suna jira, suna ganin ana auna maganarsu a ma'aunin zinariya. In ya buɗe ido, abin da zai ce bai wuce, "Fata ba ta san kuna fushi ba. Ku je ku juya ta." Shi ke nan, su tafi suna jinjina kai. Ni in na kawo magana mai tsawo da misalai har da ɗan Turanci a kai, sai a ce Malam Boko ya fara.

Da heluma ya tsufa ya koma garinsu, na yi aski, na wanke riga, na sa biro biyu. Duk leburorin nan ni kaɗai ke iya karanta abin da ke jikin buhun magani. Manaja, wani Kwara farar fata mai tumbi, ya zagaya yana tambayar ma'aikata wa suke so. Ba sai na faɗi amsar ba. Aka ba Bawa heluma, aka haɗa masa da sabon keke mai ƙararrawa. Da yamma ya tsaya a gabana ya ce, "Ubangida, hau bawanka ya kai ka gida." Na hau, don akwai 'yar tafiya, amma ban yi masa magana ba har muka isa.

Ko a gidana ban tsira ba. Wata rana uwar 'ya'yana ta bar tuwo ya kama, na ce yana ƙauri.

Ta ce, "Jiya Yaya ya ci irinsa a nan, har ya sa albarka."

Na ce, "Yaya ko takalmin roba kika dafa masa zai sa albarka. Ba ya ji."

Ta ce, "To Allah Ya kawo mana irin wannan rashin ji gidan nan."

Baba ma da ya zo Kano ganinmu, ubana da ya haife ni, a ɗakin ɗan ƙanwarsa ya sauka. Na yanka masa zakara, na saya masa hula. Da za mu sa shi a mota ya riƙe hannuna, na sunkuyar da kai ina jiran albarka ta musamman, sai ya ce, "Ka riƙa kallon yadda yayanka yake yi." Na ce to. Ai kuwa na yi biyayya, ban taɓa daina kallonsa ba.

Kada a ɗauka bai nemi magani ba. Ya nema, kuma da jikinsa ya biya. Nauyin nan yakan sauko masa har haƙoran sama su yi ta zogi, sai wani mai cire haƙori a kasuwa ya tabbatar masa tsutsa ce. Aka cire turmi guda, lafiyayye, fari tas. Ciwo na nan. Wanzamin unguwa ya leƙa bakinsa ya ce belu ne ya yi tsawo, shi ya tare hanya. Aka yanke belu. Ciwo na nan. Aka kafa masa ƙaho a gefen goshi hagu da dama, ya yi kwanaki yana yawo kamar takardar da aka buga wa hatimi. Gwaggo ta aiko da garin shaƙa daga ƙauye, ya yi atishawa har hula ta faɗi. Wani kuma ya ce iskar bakin kogi ce, aka yi hayaƙi. Duk wanda ya kawo nasa, sai ya karɓa ya ce, "Allah Ya saka." Na ce masa in aka ci gaba a haka, za a gama cire shi kaf a bar hancin shi kaɗai a kan keke.

Rigimarmu guda ce a rayuwa, ni kuma na tayar. Wata rana ana zafi muna gindin darbejiya, na ji wani sabon lebura yana ba ɗan'uwansa labari wai heluma waliyyi ne, shi ya sa wari ba ya kama shi. Ban san lokacin da na ajiye cokali ba. Na miƙe na ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Mutumin nan majinyaci ne. Hanci ne ba shi da shi. Hawayen na ciwo ne, shirun na ciwo ne. Ku tambaye shi, ga shi nan zaune."

Kowa ya juyo yana kallona. Ko wasan taubashi akwai inda yake tsayawa, na kuma san na wuce wurin. Bawa ya dube ni, ya matse karan hanci, ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Ba na jin wari, fuskata kuma tana ciwo. Ku daina ɗora mini abin da ba nawa ba."

Na zauna ina jiran a watse daga bayansa. Sai na ji tsohon nan mai ido ɗaya, lokacin yana da biyu, yana cewa, "Kun ji tawali'u ko?"

Daga ranar darajarsa ta ninka. Ni kuma mai shinkafa ta daɗe tana rage mini wake. Bai yi fushi ba, wannan ya fi komai ƙona ni. Da aka tashi ya tsaya da keke inda ya saba, ya buga ƙararrawa.

Sai na canja dabara. Disfensan kamfani, wanda ke ba mu ƙwayar ciwon kai ko me muka kai masa, ya gaya mini akwai likitan kunne da hanci da maƙogwaro a babban asibiti cikin gari. Na yi ta juya maganar. In aka buɗe hancin nan, Bawa zai tsaya bakin rami ya shaƙi abin da na shaƙa. Sannan a ga haƙuri. Na shiga lallashinsa da wata irin ƙauna da har matarsa ta fara sa mini nama biyu a miya. Zan yi wa kaina adalci, ina son ya warke. Amma ina kuma son in ga ya yi amai a gaban jama'a ko sau ɗaya, kuma har yau ban san wanne ya fi nauyi ba.

Muka je. Likitan yana da wani madubi ɗaure a goshi. Ya buɗa hancin da ɗan ƙarfe, ya haska, ya ce, "Malam, ta ina kake numfashi duk shekarun nan?" Ya kira ni in leƙa, tunda na gabatar da kaina a matsayin mai ilimin gidan. Na ga wasu abubuwa fari-fari, luɓus-luɓus, suna sheƙi kamar hanjin kaza, sun cika ƙofa biyun.

Ya ce tsiro ne, amma mu kwantar da hankali, ba daji ba ne. Fatar cikin hanci ce, in ta daɗe tana kumbura sai ta saki ta zazzago haka. Ya ce a cikin ƙashin fuska akwai koguna, a kumatu, a goshi, da tsakanin idanu, kowane kogo da 'yar ƙofarsa da ke zubowa cikin hanci. Tsiron shi kansa ba ya ciwo. Ƙofofin yake toshewa, majina ta taru a ciki ba hanyar fita, wani lokaci ta ruɓe. Shi ne nauyin, shi ne zogin da ke sauka har haƙori. Ya dubi gurbin turmin da aka cire, ya girgiza kai. Da ya ji inda muke aiki, ya ce ba zai rantse aikin ne ya kawo abin ba, amma shaƙar irin waɗannan magunguna ba ta taimakon hancin da ke kumbure. Za a iya cirewa, in ji shi, sai dai abin yana da halin dawowa.

Na fassara wa Bawa duka, ko da yake da Hausa likitan ya yi bayani.

Aka yi aiki. Ya kwanta an cusa masa auduga a hanci, fuska ta kumbura kamar ƙwarya. Ina kai abinci, ina zama, ina kallon hancin nan kamar manomi na kallon hadari. Bayan an sallame shi da 'yan kwanaki, muna zaune a tsakar gidansa, matarsa na kaɗa miya a gefe. Sai ya ɗaga kai. Ya ce, "Kuka ce, da daddawa." Ta saki maburgi. Ya jawo 'yarsa da ke rarrafe, ya kafa hanci a tsakiyar kanta, ya daɗe bai ɗago ba. Tun da aka haife ta bai san ƙanshinta ba. Sannan ya sunkuya ya taɓa tabarma da goshi, ya ɗago, ya sake, kamar yaron da ya sami sabon wasa. Ya ce, "Malam Boko, an sauke dutsen." Hawaye na zuba masa, wannan karon kuwa ban sami abin da zan ɗora wa laifi ba. Ni ma na juya baya na ce hayaƙin murhu ne.

Amma ban manta da abin da nake jira ba. Ranar da zai koma aiki na riga kowa zuwa, na bar sashena na sami wuri mai kyau kusa da rami, inda ba abin da zai wuce ni. Ya iso, ya jingine keke. Na ga lokacin da warin ya same shi, da idona na gani. Ya tsaya cak, maƙogwaronsa ya hau ya sauka, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na gyara tsayuwa. Sai ya sa hannu a aljihu ya jefa kanumfari a baki, ya juya wa iska baya, ya karɓi ƙugiya daga hannun wani, ko da yake heluma ba dole ne ya taɓa ƙugiya ba, ya ce, "Bismillah, a juya."

Da rana a gindin darbejiya ya ce ya ƙoshi. Washegari ma ya ƙoshi. Aka ce azumin godiya yake yi. Na ce wannan mutum ko tuntuɓe ya yi sai an rubuta masa lada.

'Yan daminu ya yi da hanci a buɗe, sannan abin ya dawo yadda likita ya faɗa, a hankali: muryar tulu, nauyi, dafe goshi. Ni kuma sandata ta dawo hannuna. Na ce wa kaina ɗan lokaci ne ya daure, kuma yana heluma, idon jama'a na kansa, kowa ma zai daure. Asalin sunan da ya yi, a arha ya same shi. Da wannan na rayu. Da aka shiga shekarun rage ma'aikata na koma wani kamfanin alewa a Bompai, ina dawowa gida ina ƙanshin minti, yaran unguwa na bin bayana. Shi yana nan da warinsa, amma in mun isa ɗaurin aure tare, shi ake matsa wa a tabarma.

An sake yi masa aikin daga baya, abin ya sake dawowa. Da ya tsufa ya bar kamfani, yawanci a zaure za ka same shi da tsumma mai ɗumi a fuska, ko ya lulluɓa da zane a kan kwanon ruwan zafi yana shaƙar tururi. In na yi sallama sai ya ce daga ƙarƙashin zane, "Ubangida ne? Na gane takun, takalmin mai ilimi." Mu yi ta zolaya har a kira la'asar. Ban taɓa jin ya ce don me sai shi ba. Ba hancin ne ya kashe shi ba, tsufa ne da ajali. Kamfanin ma an daɗe da rufe shi, ciyawa ta cinye ramin. In mu 'yan tabarmar nan muka bi shi, jikokinsa ba za su tuna komai ba sai wani tsoho mai magana ta hanci. Shi ya sa na ɗauko biron nan, wanda sai yanzu ya sami aikin yi.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, na shiga cikin gida in gai da matarsa. Matar yaya abokiyar wasa ce, mun saba tun tana amarya. Na same ta zaune a tabarma cikin takaba, carbi a hannu. Ta sa aka kawo mini kunu. Muka gaisa. Na ga idonta ya faɗa, na ce bari in sa ta murmushi. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar kuwa, yabon da na sha a ƙofar gida ya cika mini ciki, kuma ita kaɗai ta rage a duniya da ta san hancin nan yadda na san shi. In akwai mai ba ni gaskiyata, ita ce.

Na ce, "Hajiya, kin ji abin da ake ta faɗa a waje? Saura kaɗan su ce yana tashi sama."

Ta ce, "Na ji."

Na ce, "Allah Ya jiƙan Bawa, mutumin kirki ne, ba na musu. Amma tsakanina da ke, mu da muka san ciki, ai hancin nan ya yi masa rana. Ranar da ya karɓar mini rami, ni na ji abin da na ji, shi kuwa kamar a lambu yake. Da ni Allah Ya toshe wa, da yanzu ni ake ba da labari."

Ta ajiye carbin a cinya. Ta dube ni yadda ake duban yaron da ya fito da wando a baibai.

"Malam Boko, ka gama?"

Na ce na gama.

"Shekarar da ka zo da bironka, hancinsa ras yake. Daga zaure yake gaya mini na cika daddawa a miya. Toshewar sai daga baya ta zo, yana cikin ramin."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Wanda kuke cewa azumi, abinci ne ba ya zama a cikinsa. Kullum ya dawo sai ya zagaya bayan ɗaki ya durƙusa. Na ce zan gaya maka, ya ce in na faɗa ba za ka ƙara iya kiransa Bawa ba, shi kuma yana son wasan."

Ta ɗauki carbinta.

"Kai ka yi amanka na 'yan kwanaki, duk Challawa ta ji. Nasa ni na yi wata da watanni ina wankewa, kana can inuwa kana goge fata. Shanye kunun nan ka ba mata wuri, suna jira a waje."